Idan Baki Ya Suɓuce a Wurin Aiki

Laccar da aka gabatar wa matasan ma'aikata a Ƙofar Gayan, cikin birnin Zariya

 



Waɗanda suka shirya wannan zama sun nemi in yi magana a kan abin da ma'aikaci zai yi idan ya tsinci kansa a inda ba ya so: ya mance sunan baƙo, ko bakinsa ya suɓuce, ko an miƙo masa hannun da ba zai karɓa ba, ko maigidansa ya tafka kuskure a gaban jama'a. Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce, me ya kai ta ga tara mutane? To ku tambayi tsofaffin ma'aikata. Yawancin gabar da ake yi a ofis, wadda za ka ga mutum biyu sun shekara ba sa ga-maciji, idan ka bi diddiginta ba a kan kuɗi ko muƙami ta faro ba. Wata rana ce aka kunyata wani a gaban mutane, shi kuma bai mance ba.

Wurin da muke ya dace da maganar. Ga Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba nan kusa da mu, kuma na san da yawa a cikinku aikin lafiya kuke yi. Ga malaman makaranta, ga akawuna. Zariya kuwa ta daɗe tana koya wa Arewa aikin ofis. A Kongo aka horar da akawuna da jami'an mulki tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Cikin waɗanda suka koyar a can akwai wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda daga baya ya gabatar da lacca a Amurka a kan wane ne mutumin kirki a wurin Bahaushe, aka buga ta a 1974. Cikin halayen da ya lissafa akwai gaskiya, da amana, da kunya, da ladabi, da mutunci. Lissafin ya yi. Abin da lissafi ba ya gaya maka shi ne yadda za ka yi ranar da biyu daga cikinsu suka yi karo, gaskiya tana cewa ka yi magana, kunya tana cewa ka yi shiru. A nan ake gane ma'aikacin da ya goge.

Bari in faɗi matsayata tun yanzu, don mai son musu ya shirya. Idan abin kunya ya auku, kowa ta kansa yake yi. Ni kuwa cewa nake yi ka fara duba wanda ya fi ka shiga kunyar, ka rufa masa asiri, kuma wannan nauyi ya fi hawa kan wanda ya fi ƙarfi a wurin. Amma mutumin ake suturtawa. Kuskuren da zai cuci wani dole a gyara shi. Kun san labarin Balaraben ƙauyen nan da ya yi fitsari a masallacin Madina. Sahabbai suka taso masa, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana su, ya bari ya gama, ya sa aka kwarara ruwa a wurin, sannan ya kira shi ya fahimtar da shi cikin taushi. An wanke masallaci, ba a wulaƙanta mutum ba. Duk abin da zan faɗa yau bai wuce wannan ba.

Na ɗaya: suna da muƙami.

Mutum ya shigo ofishinka da fara'a, ya kira ka da sunan da rabonka da jin sa tun kana firamare. Fuskar ka santa, sunan ya ɓace ɓat. Gaisuwarmu ta yi mana gata, domin doguwa ce. Kafin ka gama ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mutanen gida, sau da yawa shi da kansa zai ambaci wani abu da zai tuna maka. Malam da Alhaji da Hajiya duk mafaka ce, amma ta ɗan lokaci. Idan har ta kai ga za ka rubuta sunansa ko ka gabatar da shi ga wani, faɗi gaskiya a taƙaice: "Don Allah a gafarce ni, fuska na riƙe, suna ne ya kwanta mini." Kada ka yi kirdado. Wanda ka kira da sunan wani ya fi wanda ka tambaya jin ciwo.

Idan kuma kai ne na uku a wurin, ka ga abokin aikinka yana ta kame-kame, ai sai ka cece shi: "Ai ka san Malam wane, na sashen albashi." Shi ke nan. Kada kuma bayan baƙon ya fita ka ce, "Yau na fitar da kai."

Masu gabatar da taro, ku ne kuka fi shan wahala a garin nan, domin Zariya garin farfesoshi ne kuma garin sarauta. Idan ka kira Farfesa da Dakta, gyara sau ɗaya a ambato na gaba, ka ce a yi haƙuri, ka wuce. Maimaita ban haƙuri shi ke sa wanda bai lura ba ya lura. Jerin masu sarauta kuwa, wa ke gaba wa ke biye, ba a yin sa da ka. Je ka tambayi mutanen fada tun kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani misali da ma'aikatan asibiti suka sani. Tsohuwa ta zo yankar kati, ta zauna a bakin benci ta ja mayafi. Yarinya mai rubutu, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Sunan maigida?" Tsohuwa ta yi shiru tana murza bakin zane. Yarinya ta sake tambaya da ƙarfi, a zatonta kunne ne. Layi ya fara dariya ƙasa-ƙasa. Ba kurumta ba ce. Matar nan ta tashi a zamanin da mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. Me ya kamata? Ki dubi wadda ta rako ta: "'Yar'uwa, taimaka mini da sunan Baba." Idan ita kaɗai ce, ki matso ki rage murya ki ce, "Inna, aikin ne ya sa, gaya mini a kunne." Katin zai cika, Inna kuma za ta dawo ranar da aka ce ta dawo.

Na biyu: gaisuwa.

Baƙuwa ta zo daga Abuja ko daga Turai duba wani aiki, ta miƙo wa malami hannu, shi kuwa ba ya musabaha da mata. Ko baƙo namiji ya miƙa wa ma'aikaciya. Hannu yana rataye a iska, kowa yana kallo. Ba na nan don in ba da fatawa, malamai suna zaune. Abin da zan ce shi ne, wanda ba zai karɓa ba shi ya kamata ya riga. Tun daga nesa ka ɗora hannun dama a ƙirji, ka ɗan rusuna, ka saki fuska, ka yi maraba da murya mai daɗi. Mai hankali yana ganin haka ya gane. Idan an riga an miƙo, ka ce a al'adarmu haka muke girmama mata, ka ja mata kujera. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da ke ɓata lamari shi ne ja da baya da tsuke fuska kamar an miƙo maka garwashi. Kuma ku da kuka gayyato baƙin, me ya hana ku sanar da su tun a mota?

Wanda ya fi wannan nauyi a wurinmu shi ne shekaru da muƙami. Yaro ya gama jami'a, an ba shi ofis, masinjan da zai riƙa kai masa fayil abokin mahaifinsa ne, tare suke sallar asuba. Wa zai gaida wa? Amsar ba ta da wuya. Kai za ka gaishe shi, ka miƙe idan ya shigo, ka ce masa Baba, kuma ka ba shi aikin, domin aikin gwamnati ne ba na gidanku ba. "Baba, don Allah a taimaka a kai wannan sashen kuɗi." Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wanda ya kasa aiken tsoho saboda kunya zai ƙare yana ɗaukar fayil da kansa yana jin haushi, wanda kuma ya kira sunansa gatsal zai ji labarinsa a unguwa kafin magariba.

Na uku: abin da aka gani aka yi kamar ba a gani ba.

Ana ba da labarin wani malami na garin Balkh, a ƙarni na uku bayan Hijira, da ake kira Hatimul Asammu, wato Hatim kurma. An ce wata mata ta zo yi masa tambaya, sai iska ta kuɓuce mata da ƙara. Kunya ta rufe ta. Sai ya kara hannu a kunne ya ce ta ɗaga murya, ba ya ji sosai. Matar ta sami natsuwa, ta yi tambayarta ta tafi, shi kuma laƙabin ya bi shi. Na ga kuna dariya, amma ku duba: malamin nan ya yarda a ɗauke shi mai naƙasa don kada wata baiwar Allah ta tafi da kunya.

Rabin ladabin ofis kau da kai ne. Wani ya yi tuntuɓe da babbar riga yana hawa mumbari, wani cikinsa ya yi ƙugi ana tsakiyar taro, wata ta karanta kalmar Turanci a karkace. Ci gaba da abin da kake yi. Idan kuwa abu ne da mai shi zai so a gaya masa, kamar tabo a bayan tufa ko maɓallin da ya ɓalle, matsa kusa ka faɗa a kunne. Idan mace ce, nemi mace ta gaya mata.

Akwai suɓutar bakin da ba wanda ya tsira daga gare ta. Ka haɗu da abokin aiki bayan dogon hutu, ka ce, "Yaya Hajiya, ta ji sauƙi?" Ya ce, "Ai ta rasu tun kafin azumi." Kada ka tsaya kare kanka da wa ya kamata ya gaya maka. Ka yi salati, ka ce wallahi ban ji ba, ka yi mata addu'a, ka yi masa ta'aziyya nan take, sannan da yamma ka taka har gida. Zuwan nan shi ke shafe komai. Wasu tambayoyin kuwa barin su ya fi: har yanzu ba a samu ƙaruwa ba, yaushe za mu sha biki, me ya raba ku. Ba aikinka ba ne, kuma ba ka san abin da mutum yake haɗiyewa ba.

Zamani ya ƙaro mana WhatsApp. Mutum ya rubuta wa matarsa saƙo, ko ya yi ƙorafi a kan shugabansa, ya tura cikin zauren ma'aikata. Idan kai ne, goge, ka rubuta layi ɗaya na ban haƙuri, kuma idan ka taɓa mutuncin wani ka same shi ido da ido. Idan kai ka gani, kira shi a waya ya goge tun mutane ba su farga ba. Mai ɗaukar hoton saƙon yana yaɗawa ya fi mai kuskuren laifi, domin shi da gangan ya yi.

Na huɗu, kuma a nan zan daɗe: idan babba ya yi kuskure.

Shugaba yana jawabi a gaban baƙi, ya faɗi adadin da kai ka san ba haka yake ba. Me za ka yi? Tambayi kanka abu ɗaya: idan aka bar kuskuren nan zuwa anjima, wa zai cutu? Idan ba kowa, bari a tashi, ka same shi shi kaɗai. Idan za a yanke shawara a kansa yanzu, rubuta a 'yar takarda ka miƙa masa kamar saƙo ne ya zo, ya gyara da bakinsa. Idan ba hali, ɗauki nauyin a kanka: "Ranka ya daɗe, wataƙila takardar da ke hannuna ce ta bambanta, ni abin da nake gani a nan kaza ne." Ka buɗe masa ƙofar fita. Shugaba mai hankali zai bi ta, kuma zai riƙe ka.

Amma akwai inda wannan lallami ba shi da wuri. Ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo. Mutum 583 suka mutu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Matuƙin KLM babba ne ƙwarai, shi ke horar da sauran matuƙa a kamfanin. Ya fara gudun tashi alhali ba a ba shi izinin tashi ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya yi shakka, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin. Matuƙi ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, aka ci gaba. Daga amsar nan, ba a sake nanata tambayar ba. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa ne kamfanonin jirage suka shigo da horo na musamman, inda ake koya wa ƙarami ya faɗi abin da ya gani a fili ya kuma maimaita, ake koya wa babba ya saurara. Ku lura, waɗannan Turawa ne, waɗanda muke cewa ba su da kunya. To ina ga mu, da aka tarbiyyantar da mu a kan ba a haɗa ido da babba?

Aikin lafiya ya ɗauki darasin. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwan da za a tabbatar a ɗakin tiyata, kuma a ciki akwai cewa kafin a sa wuƙa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Me ya kawo gabatar da kai cikin tiyata? Wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya a ɗaki ya fi samun ƙarfin sake buɗewa idan ya ga ɓarna.

Saboda haka, 'yata mai aikin jinya, idan likita ya rubuta adadin maganin da kika san ya yi wa yaron nan yawa, kada ki ba shi. Kada kuma ki yi shela a gaban uwar yaro, domin idan ta daina yarda da likita ita ma cuta ce. Ki ce, "Likita, don Allah minti ɗaya," ku koma gefe, ki nuna masa nauyin yaron da abin da ya rubuta. Idan ya yi miki tsawa, ki sake faɗa da ladabi. Idan ya ƙi, ki kai wa na gaba da shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Matar da asibitin nan ke ɗauke da sunanta, Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, ta jagoranci matan jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba sau biyu ba saboda ta ƙi yin shiru a gaban masu iko. Ba na ce ku je ku yi faɗa da shugabanninku ba. Ina tuna muku ne cewa faɗa wa babba gaskiya ba baƙon abu ba ne a garin nan.

Ku kuma manya, yau ba zan ƙyale ku ba. Ranar farko da ƙarami ya gyara maka, duk sauran suna kallon fuskarka. Idan ka ce "Madalla, Allah ya yi albarka, ka kyauta," gobe wani zai faɗa maka abin da zai cece ka. Idan ka muzanta shi, ka sayi shirun ofis gaba ɗaya, kuma ranar da za ka faɗa rami suna gani za su yi ta ce maka ranka ya daɗe. Haka nan idan kai za ka gyara wa na ƙasa, rufe ƙofa tukuna. Malamin da ya yi wa ɗan'uwansa malami faɗa a gaban ɗalibai ya rushe ajin, ba malamin kaɗai ba.

Na biyar: alfarma da ɗan abin goro.

A birni kowa ɗan'uwan kowa ne. Kana kan aiki, layi ya miƙe, sai ga surukinka ko limamin unguwarku ya tsallake kowa ya tsaya a gabanka. Ka tashi ka gaishe shi yadda ya dace, ka ba shi wurin zama, ka ce, "Baba, bari in sallami bayin Allahn nan da suka riga, yanzu zan zo kanka." Da yawa daga dattawa kujerar da gaisuwar suke so, ba tsallake layin ba. Idan larura ce ta gaske, nemi izinin mutanen layi a fili. Yawanci za su ce a duba shi.

Kyauta kuwa doka ta yi magana. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati neman kyauta ko karɓarta saboda wani abu da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa, ya kuma bar ƙofa ga kyautar dangi da abokai a lokutan da al'ada ta sani. Matsalar ita ce mai bayarwa sau da yawa ba cin hanci yake nufi ba. Talaka ne ya ji daɗi, ya dunƙule 'yar takardar kuɗi yana tura maka a ƙarƙashin fayil. Idan ka daka masa tsawa ka mai da shi mai laifi. Rufe hannunsa da naka, ka mayar masa a hankali, ka ce, "Na gode, na karɓa na ba yara, a sai musu wani abu. Ni addu'a nake so." Zai tafi da kuɗinsa da mutuncinsa.

Na shida, a gurguje: barkwanci. Tsakaninmu da Kanawa akwai wasa, haka Fulani da Barebari, haka Katsinawa da Nufawa, kuma sau da yawa wasan nan yana kwance taron da ya ɗaure. Na ga Bakano ɗaya a can baya yana gyara hula, kwantar da hankalinka, yau kai baƙonmu ne. Sai dai ofis yana tara wanda ya san wasan da wanda bai san shi ba. Ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu bai san kana wasa ba. Kuma wasa daga sama zuwa ƙasa ba wasa ba ne, tunda na ƙasa ba shi da ikon ramawa. Idan ka yi raha ka ga fuska ta canja, kada ka ce "ai wasa nake yi, ba ka san wasa ba?" Ka ce "na yi kuskure, yi haƙuri," ka canja magana.

Shugaban zama ya dubi agogo sau biyu, kuma na gane, ga la'asar ta gabato.  Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, malamai su gyara.

Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, iyayenmu mata kuma wadda ba ta son tashi ta rubuto a takarda. Roƙona ɗaya: idan za ku kawo misali daga wurin aikinku, kada a ambaci sunan kowa ko na ma'aikata, a ce wani ofis a wani gari. Bismillah, wa zai fara?